Tiriyatlon ga mai farawa: horo, nauyin jiki da hutu tsakanin gasa

Tiriyatlon wasa ne da ke haɗa ninƙaya, tseren keke da gudu a gasa guda, ɗaya na bin ɗaya, kuma agogo ba ya tsayawa daga shiga ruwa har zuwa layin ƙarshe. Ban da ƙwararrun da ake gani a talabijin, akwai ɗimbin masu shiga don sha'awa: ma'aikata, ɗalibai, iyaye mata, har da tsofaffi, kowa a rukunin shekarunsa. Da yawa daga cikinsu neman lafiya ko rage ƙiba ne ya kawo su.

A nan ne sabon shiga ya fi yin kuskure. Yakan ƙara horo, ya rage abinci, ya kuma yi rajistar gasa biyu ko uku kusa da juna, duk a lokaci ɗaya. Jiki ba ya ɗaukar waɗannan ukun tare. Abin da ke biyo baya shi ne rauni, kasala ko yawan rashin lafiya, sai mutum ya ajiye wasan kafin shekara ta zagayo. Horo, abinci da hutu lissafi ɗaya ne, kuma kowanne yana da lokacinsa.

Asalin wasan

Tun a shekarun 1920 ana yin wata gasa a kusa da birnin Paris da Faransawa ke kira «les trois sports», wato wasanni uku. Amma tiriyatlon na zamani ya fara ne a Mission Bay da ke San Diego, a Amurka, ranar 25 ga Satumba 1974, da mutum 46. A watan Fabrairu 1978 aka yi gasar Ironman ta farko a tsibirin Oahu na Hawai. Mutum 15 suka shiga, 12 suka kammala, Gordon Haller ya zo na ɗaya cikin awa 11 da minti 46.

An kafa hukumar wasan ta duniya a 1989 a birnin Avignon na Faransa, inda aka yi gasar cin kofin duniya ta farko a wannan shekarar. Tun 2020 sunanta World Triathlon. Wasan ya shiga Olamfik a Sidni a 2000. A Paris a 2024, Cassandre Beaugrand ta Faransa ce ta lashe zinare a ɓangaren mata, Alex Yee na Birtaniya a ɓangaren maza, bayan an ɗage gasar mazan da kwana ɗaya saboda gurɓacewar ruwan kogin Seine. Daga Afirka, Henri Schoeman na Afirka ta Kudu ya samu tagulla a Rio a 2016.

Nisan gasa

Ana raba gasannin gwargwadon nisa. A Faransa da ƙasashen da ke bin tsarinta, haruffa ake amfani da su a takardar rajista:

- XS, mafi gajarta: ninƙaya mita 400, keke kilomita 10, gudu kilomita 2.5.
- S, gajeriyar gasa: mita 750, kilomita 20, kilomita 5.
- M, nisan Olamfik: mita 1,500, kilomita 40, kilomita 10.
- Rabin Ironman, da ake kira 70.3: kilomita 1.9, kilomita 90, kilomita 21.1.
- Ironman: kilomita 3.8, kilomita 180, da gudun fanfalaki na kilomita 42.2.

XS ko S su suka dace da mai farawa. Sabon shiga yakan gama S tsakanin awa ɗaya da kwata zuwa awa biyu. Wanda ba shi da wurin ninƙaya yana iya farawa da duwatlon, inda ake gudu, a hau keke, a sake gudu.

Tsakanin wasa da wasa akwai wurin sauyi: T1 daga ruwa zuwa keke, T2 daga keke zuwa gudu. Lokacin da aka ɓata a wurin yana cikin lissafi. Dokokinsa kuma masu tsauri ne: ba a taɓa keke sai an ɗaure hular kwano, ba a hawa sai an wuce layin da aka shata, ba a kwance hular sai an rataye keken. A yawancin gasannin masu sha'awa an hana manne wa bayan wani mai keke don fakewa daga iska.

Kafin a fara

Ganin likita shi ne matakin farko, musamman ga wanda ya wuce shekara 35, ko mai hawan jini, ciwon sukari, asma, ko wanda aka taɓa samun mutuwar fuju'a a danginsa. Wani bincike da aka buga a 2017 a mujallar Annals of Internal Medicine ya tattara mace-mace da tsayawar zuciya 135 a gasannin tiriyatlon na Amurka daga 1985 zuwa 2016, kuma 90 daga ciki a cikin ruwa suka faru. Idan aka kwatanta da yawan masu shiga, adadin kaɗan ne, amma ya nuna inda haɗarin ya fi yawa. Mai ɗauke da ƙwayar halittar sikila, wadda ta yawaita a Yammacin Afirka, ya kamata ya san matsayinsa, domin matsanancin motsa jiki cikin zafi da ƙishirwa na iya yi masa illa.

Batun kaya bai kai yadda ake tsoro ba. Keke mai birki nagari wanda ya dace da tsayin mai shi, hular kwano, tabarau na ninƙaya da takalmin gudu sun wadatar da gasar farko. Rigar roba ta ruwan sanyi ba dole ba ce a ƙasashe masu zafi. Dokar World Triathlon ma ta hana yawancin masu sha'awa sa ta a gajerun gasanni idan ɗumin ruwa ya kai digiri 22.

Ruwan da za a koyi ninƙaya a ciki yana buƙatar kula. A yankin Sahel, koguna, tafkuna da madatsun ruwa da dama na ɗauke da cutar tsargiya, wadda tsutsarta ke shiga ta fata. A wasu sassan kogin Isa, Binuwai da Shari akwai dorina da ƙarfin ruwa. Wurin ninƙaya da ake sa wa magani, mai ɗauke da mai ceto, shi ya fi aminci. Ko ƙwararre ba ya shiga buɗaɗɗen ruwa shi kaɗai.

Tsarin mako 12

Ga mutum mai lafiya da zai iya ninƙayar mita 50 ba tsayawa, ya kuma yi tafiyar rabin awa da sauri, masu horarwa kan ba da kimanin mako 12 don gasar S. Wanda bai iya ninƙaya ba sai ya fara da malami, ya ƙara wata biyu ko uku. Tsarin da aka fi sabawa da shi shi ne atisaye shida a mako, biyu ga kowane wasa, da yini guda na cikakken hutu. Jimillar ba ta wuce awa 4 zuwa 6.

Mako na 1 zuwa na 4 na kafa tushe ne. A ruwa, minti 20 zuwa 30 ana koyon fitar da numfashi a ƙarƙashin ruwa da kwantar da jiki a samansa, ana hutawa bayan kowane mita 25 ko 50. A keke, minti 30 zuwa 45 a fili. A gudu, a haɗa da tafiya: gudu minti biyu, tafiya minti ɗaya, har minti 20.

Mako na 5 zuwa na 8 ana tsawaita lokaci: ninƙaya ta kai mita 600 zuwa 800 jimilla, keke awa ɗaya, gudu minti 30. A nan ake shigar da haɗin keke da gudu sau ɗaya a mako, wato a sauka daga keke a yi gudun minti 10 nan take. Ƙafafu kan yi nauyi kamar an ɗaura musu dutse a mintunan farko, kuma sabo ne kaɗai ke rage wannan.

Mako na 9 zuwa na 11 ana kusantar nisan gasa, ana gwada saurin da za a yi amfani da shi, ana maimaita sauyin kaya har hannu ya saba. Mako na 12 na sassauci ne: a rage yawan horo da kusan rabi, a bar ɗan sauri kaɗan, a isa gasa da jiki a huce.

Ƙa'idoji uku ke riƙe wannan tsari. Na farko, kusan kashi 80 cikin 100 na horo a yi shi a hankali, yadda mutum zai iya magana da abokin tafiyarsa. Na biyu, ƙari ya zama kaɗan-kaɗan. Masu horarwa kan ce kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako, musamman a gudu. Na uku, duk mako na huɗu a sassauta. Dalili kuwa shi ne zuciya da huhu suna ƙarfafa cikin makonni kaɗan, amma jijiyoyi da ƙashi watanni suke buƙata. Mutum zai ji numfashinsa ya isa tun ƙafarsa ba ta shirya ba, kuma a nan ne ciwon gwiwa da na ƙauri ke shigowa. A gudu, kowane taku na sauke wa ƙafa ninki biyu zuwa uku na nauyin jiki, shi ya sa mai ƙiba ya fi dacewa ya yawaita keke da ninƙaya a farko. Atisayen ƙarfafa cinya, ƙugu da baya na minti 20 sau biyu a mako yana ƙara kariya.

Nauyin jiki

Gaskiya ne cewa rage kitse na sauƙaƙa gudu da hawan tudu a keke. Amma ga mai farawa, ribar da horo ke kawowa a shekarar farko ta ninka ta rage kilo biyu ko uku. A ruwa ma ƙwarewa ce ke aiki fiye da nauyi. Babu wani nauyi da aka ƙayyade kafin a shiga gasa.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS ko WHO, tana ɗaukar ma'aunin nauyi da tsayi tsakanin 18.5 da 24.9 a matsayin daidai ga baligi. Ana samunsa ne idan aka raba nauyi a kilo da tsayi a mita sau tsayi. Ma'aunin ba ya bambanta tsoka da kitse, saboda haka awon ƙugu da yadda tufafi ke zama a jiki suna ƙara haske. Wanda ke cikin wannan iyaka ba shi da dalilin lafiya na neman ragewa.

Ga wanda yake da buƙata, giɓin kalori 300 zuwa 500 a rana ya isa. Kilo ɗaya na kitsen jiki ya kai kimanin kalori 7,700, don haka wannan giɓi na ba da kusan kwata zuwa rabin kilo a mako. Hanya mafi sauƙi ita ce rage lemon kwalba, yawan sukari a shayi da soye-soye, a bar abincin da ke kewaye da atisaye yadda yake. Lokacin da ya dace shi ne watannin da babu gasa da makonnin farko na tsari. Idan ya rage mako uku ko huɗu a yi gasa, sai a daina ragewa a ci daidai buƙata.

Ƙungiyoyin masana abincin ƴan wasa sun ba da ma'auni gwargwadon nauyi. Furotin, wato abinci mai gina jiki, giram 1.2 zuwa 2 a kowane kilo a rana. Abinci mai ba da ƙarfi, irin hatsi, shinkafa, doya, dankali da ƴaƴan itace, giram 5 zuwa 7 na sitaci da sukari a kowane kilo ga mai horon kusan awa ɗaya a rana. Ga mutum mai kilo 70, wannan na nufin furotin giram 84 zuwa 140, da sitaci giram 350 zuwa 490. Ƙwai ɗaya na da furotin kusan giram 6. Wake, kifi, nama, nono da gyaɗa duk suna cike wannan gurbi, kuma ya fi amfani a raba su cikin abinci uku ko huɗu.

Rage abinci fiye da kima yana da suna a likitance. A 2014 Kwamitin Olamfik na Duniya ya fitar da matsaya kan larurar ƙarancin kuzari a wasanni, RED-S, ya kuma sabunta ta a 2018 da 2023. Tana faruwa ne idan abin da ya rage bayan horo bai ishi jiki gudanar da sauran ayyukansa ba. Alamunta sun haɗa da ɗaukewar al'ada ga mata, raguwar sha'awa ga maza, tsagewar ƙashi, yawan mura, rashin barci, jin sanyi da saurin fushi. Tana kama maza da mata, ƙwararru da masu sha'awa, har da wanda bai rame ba. Ɗaukewar al'ada ba alamar ƙarfin horo ba ce, dalili ne na ganin likita. Mata kuma su riƙa auna jini, domin ƙarancin sinadarin ƙarfe na kawo kasala mai kama da ta yawan horo.

Sikeli na iya ruɗar mutum. Jiki na ajiye sukari a tsoka da hanta, kuma kowane giram na wannan ajiya na riƙe ruwa kusan giram 3. Hawa da saukar kilo ɗaya ko biyu cikin kwana biyu yawanci ruwa ne. Awo sau ɗaya a mako, da safe, a rana ɗaya, ya fi ba da gaskiya.

Ruwan sha da zafi

Idan mutum ya rasa ruwan da ya wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinsa, ƙoƙarinsa na raguwa, balle cikin zafi. Hanyar sanin yawan gumi ita ce a hau sikeli kafin atisayen awa ɗaya da bayansa: kowane kilo da ya ɓace kusan lita ɗaya ce. Don mayarwa, a sha lita 1.25 zuwa 1.5 a kan kowane kilo, a hankali cikin awanni, tare da abinci mai ɗan gishiri. Shan ruwa fiye da kima ma haɗari ne, domin yana tsinka gishirin jini har ya kai ga suma. Bai kamata a gama gasa da nauyin da ya fi na farawa ba.

A garuruwa irin Yamai, Njamena da Marwa, zafi kan wuce digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu. A irin wannan lokaci, atisaye da sassafe ko bayan faɗuwar rana ake yi. Jiki na ɗaukar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi. Jiri, ruɗewa, amai ko tsigar jiki a tsakar rana na nufin a tsaya nan take, a sanyaya jiki da ruwa, a nemi taimako. A atisaye ko gasar da ta wuce awa ɗaya, ana buƙatar sukari giram 30 zuwa 60 a awa. Ayaba ko dabino kaɗan sun isa. Duk abin da za a ci ranar gasa sai an gwada shi a horo.

Hutu tsakanin gasa

Horo na gajiyar da jiki, a lokacin hutu ne yake gyara kansa ya ƙara ƙarfi. Bayan gasa abubuwa huɗu ke buƙatar komawa: ruwa, ajiyar sukari, tsokar da ta samu ƙananan yagewa, da garkuwar jiki. Ba tare suke dawowa ba.

A awanni huɗu na farko, jiki ya fi saurin cika ajiyarsa. Ana ba da shawarar sitaci giram 1 zuwa 1.2 a kowane kilo a awa ga wanda ke da wata gasa a kusa, tare da furotin giram 20 zuwa 30. Fura da nono, ko shinkafa da wake da kifi, sun cika wannan sharaɗi. Da isasshen abinci, ajiyar sukari na dawowa cikin kusan awa 24. Tsamin tsoka kuwa ya fi tsananta tsakanin awa 24 da 72. Nauyi kan ƙaru na ƴan kwanaki saboda ruwan da jiki ke riƙewa yayin gyara, kuma wannan ba dalilin rage abinci ba ne. Makon da ke bin gasa ba makon neman rama ba ne, domin da abinci ake yin gyaran.

Masu horarwa kan ba da wannan ƙiyasi kafin a koma cikakken horo: kwana 4 zuwa 7 bayan S, mako ɗaya zuwa biyu bayan M, mako biyu zuwa uku bayan 70.3, mako huɗu zuwa shida bayan Ironman. Sabon shiga, wanda ya haura shekara 40, da wanda ya yi gasa cikin zafi su ɗauki adadi mafi tsawo. Bayan gasar S, kwana biyun farko tafiya ce kawai. Daga na uku a koma ninƙaya da keke a hankali. Gudu shi ne na ƙarshen dawowa, tunda shi ya fi bugun jiki.

Barcin awa 7 zuwa 9 ya fi duk wata dabara tasiri. Tausa da ruwan sanyi na rage jin ciwo, amma ba sa maye gurbin barci da abinci. Shan magungunan kashe zafi irin ibuprofen da diclofenac kafin gasa ko cikin ƙishirwa na iya cutar da ƙoda. Fitsari mai duhu kamar baƙin shayi tare da matsanancin ciwon tsoka na buƙatar asibiti a ranar. Da zazzaɓi, na cizon sauro ne ko wani, ba a yin atisaye sai an warke sarai.

Alamun da ke nuna jiki bai huce ba su ne bugun zuciya na safe da ya haura na kullum kwana da kwanaki, rashin barci, rashin cin abinci, da jin saurin da aka saba ya koma wahala. Ciwon da ya tsaya a wuri guda a kan ƙashi, yake ƙaruwa da gudu, na iya zama farkon tsagewa, kuma sai an duba shi.

Tsara shekarar farko

Gasa biyu ko uku gajeru, da tazarar aƙalla mako huɗu zuwa shida, sun isa shekarar farko. Tazarar na ba da mako ɗaya na hutu, biyu zuwa huɗu na horo, da ɗaya na sassauci. Idan gasa biyu suka zo da tazarar mako ɗaya ko biyu, babu sabon ƙarfin da za a gina a tsakani. Sai hutu da gajeren atisaye, a zaɓi ɗaya a ba ta muhimmanci, ɗayar a ɗauke ta gwaji. Bayan gasar ƙarshe a huta mako biyu zuwa uku, sannan mai buƙatar rage nauyi ya koma kan wannan aiki, kafin a fara shirin nisan M a shekara ta biyu.